Kitson Bahaguwa

Shafi na 19

Masu cewa Hindu ta taɓu, ku matso kusa. Masu sa wa Yaya Rabi'atu albarka a ƙarƙashin kowane shafi, ku ma ku matso, yau da ku nake.

*

Tun ranar da aka tsamo gawa a gulbin Gagare aka ce ta ɗiyarta Nadiya ce, Hindu ba ta sake ɗora hannu a kan kowa ba. Matar da amare ke yi wa layi tun daga Kasuwar Daji har Shinkafi, sai ga kibiyar kitsonta ta yi tsatsa a bakin taga. Damina ta zo ta wuce, har an fara yankan gero, ita tana nan zaune ƙofar ɗaki tana kallon zaure.

Magana ɗaya take maimaitawa, ita ce kuma ta ja mata sunan mai taɓin hankali a Kaura Namoda: jikinta bai ba ta ɗiyarta ta mutu ba.

Ba ta ga gawar ba. Yayarta Rabi'atu ce ta yi wankan, a gidan mijinta Alhaji Wakili, ita ce kuma ta tare ƙofa lokacin da Hindu ta yunƙura za ta shiga.

"Ke Hindu, ɗiyar fari ta fa. Mutane na kallonki. Ruwa ya ɓata ta, bar ni in ɗauke maki wanga gani."

Hindu ta ja da baya. Kunyar ɗan fari aka raine su a kai. Shekara goma sha shida ko sunan yarinyar ba ta taɓa kamawa ba, sai dai ta ce "ke" ko "wagga", balle a ce ta faɗa kan gawarta a gaban jama'a. Ta koma ta zauna, ta haɗiye kukanta, aka ɗauka aka kai.

Daga nan Rabi'atu ta zame mata uwa ta zame mata uba. Kullum tana tafe da kwanon abinci da gorar rubutu, rubutun da in Hindu ta sha sai ta yi barci kamar an danne ta da turmi. In ba a gan ta ba, to ta leƙa gonar Alhaji ne can bayan Zurmi.

Yau ma ta zo. Ta share tsakar gida, ta dama fura, ta yi ta hira ita kaɗai. Aka kira la'asar, ta ɗauki buta ta tsuguna bakin makwarara.

Ta wanke fuska, ta wanke hannuwa. Ta zo shafar kai, ta zura hannu ƙarƙashin ɗankwali yadda ta saba. To, ɗankwalin nan sabo ne, mai santsi. Sai ya sulale ya faɗa cikin ruwan.

Hindu ta miƙe don ta ɗauko mata, ta tsaya a bayanta.

Ba ta kai ga ɗankwalin ba.

Kitso ne sabo fil a kan Rabi'atu. Tsagar fes, fatar kai tana ƙyallin man shanu, ko silin gashi ɗaya bai tashi ba. Kowane layi ya kwanta ta hagu. A ƙeya kuma, kitson ƙarshe ya rabu biyu sirara, sannan aka haɗe jelarsu aka murɗa.

Wannan murɗin Hindu ta san shi kamar tafin hannunta. Sau nawa ta buge hannun ɗiyarta a kansa? Sau nawa ta ce mata ba haka ake rufe ƙeya ba, tana dariya tana cewa haka hannunta ke so?

"Yaya."

"Na'am. Miƙo man ɗankwalin mana, kin tsaya."

"Wa ya yi maki kitso?"

Butar da ke hannun Rabi'atu ta karkace, ruwa ya zuba a ƙafarta.

"Wata ce can unguwarmu."

"Wace? Babu mai kitson da ban sani ba a Kaura."

"Baƙuwa ta. Ba ki san ta ba."

"Bahaguwa ta?"

"Ni ina zan lura da hannun da anka yi man kitso? Ba ni ɗankwalina."

Hindu ta sunkuya ta ɗauki ɗankwalin, ta matse ruwan, ta cusa shi a ƙugun zanenta.

Rabi'atu ta juyo tana murmushin nan nata mai sanyi, wanda ya ci Kaura gaba ɗaya.

"Hindu, ciwon ne ya motsa ko? Ba ki sha rubutun jiya ba, na lura. Zo ki zauna in zuba maki."

"Ba ni sha."

"To kin gani. In Malam mijinki ya dawo ya iske ki haka, ransa ne za shi ɓaci. Mutum na fama da tuƙi tun asuba, ya dawo gida ya tarar da…"

"Zauna nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna, ta kama kafaɗar yayarta ta danna ta ƙasa tsakanin gwiwoyinta, yadda take zaunar da masu zuwa kitso. Rabi'atu ta fi ta jiki nesa ba kusa ba, amma wallahi ta kasa ƙwacewa. Hindu ta bi layin da yatsa, a hankali, tun daga goshi har ƙeya.

"Kin ga nan? Mai dama daga nan take ɗaukar gashi. Bahaguwa daga can. Bahagwai da yawa a duniya, na yarda. Amma wanga murɗi na ƙeya mutum ɗaya ka yin shi, ni kuwa na haife ta."

"Kitso ai yana kama da kitso."

"Kitson ga bai kwana da yawa ba, Yaya. Ƙamshin man bai fita ba. Wadda kinka wanke da farkon damina, ita ta taso ta yi maki shi?"

"A'uzubillahi. Ji abin da ke fita bakinki. Haka za ki yi ta yi har a kai ki gidan mahaukata, ni kuwa ban iya hanawa."

Da wata rana ce, da wannan maganar ta gama da Hindu. Ta sha jin ta, ta sha komawa ɗaki tana tambayar kanta ko da gaske kanta ya kwance. Yau kuwa shaidar tana ƙarƙashin yatsunta, tana jin ta.

Ta saki kan ta shiga ɗaki. Ta fito rungume da Alƙur'ani cikin gafakarsa, ta ajiye a kan tabarma.

"Ƙarasa alwalarki. Saura kunne da ƙafa."

"Mi za ki yi?"

"Ki dafa, ki ce wadda kinka wanke ɗiyata ta. In kin dafa, ni da kaina zan ce a ɗaure ni."

Rabi'atu ta kalli gafakar, ta kalli ƙofar zaure. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a babu abin da ke kaɗa hanjin mutane irin a ce su dafa. Ta miƙa hannu, hannun ya tsaya a iska, ta janye shi ta ɓoye a cinya.

"Alwalar ta karye," ta ce.

"Ga buta nan."

Akuyar maƙwabta ta yi kuka ta bayan katanga.

"Hindu, ki rufa mana asiri."

Hindu ta dafa bango ta sulale ƙasa. Abin da ta yi wata da watanni tana roƙon Allah ya tabbata, da ya tabbata sai ya zo mata kamar duka.

"Tana da rai?"

Rabi'atu ta gyaɗa kai.

"Da baki za ki faɗa."

"Tana da rai. Lafiyarta lau. Tana gidan gonar Alhaji, wajen wata tsohuwa. Ci da sha babu abin da ta rasa, wallahi, ni da kaina nika kai mata…"

"Nadiya."

Karo na farko ke nan da sunan ya fita daga bakinta. Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗana shi. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

Can ta ɗago.

"To wa kinka wanke?"

Rabi'atu ta sunkuyar da kai.

"Na ga makara da idona, Yaya. Mutum huɗu sunka ɗauka, da nauyinta. Wa anka binne?"

"Ki bar wagga magana."

"Salma ce?"

Salma ɗiyar Saliha ce, maƙwabciyarsu ta bayan katanga, ƙawar Nadiya tun suna wasan ƙasa. Ita ta fara ɓata, ba a jima ba Nadiya ta bi. Har yau Saliha tana yawo tasha-tasha da mayafi a hannu, tana tambayar direbobi ko sun ga yarinya doguwa mai wushirya.

Rabi'atu ta ƙara sunkuyar da kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Hindu ta dafe ƙirji. "Saliha ita ta tuƙa tuwon sadakar bakwai a gidan nan. Ita ta riƙe ni tana cewa in yi haƙuri, ni ko kabari na samu, ita ba ta samu ba. Ashe ɗiyarta take yi wa tuwo. Kina zaune kina kallonta, Yaya. Har kina ce mata ta ƙara gishiri a miya."

"Mi kika so in yi? Mijina ne."

"Alhaji?"

Alhaji Wakili kuwa, kun san shi. Da aka hana mata cakuɗa da maza a motar haya, shi ya fara sayen bas ya sa aka rubuta mata "Mata Zalla" a goshi, ya ɗauki Malam Dalhatu mijin Hindu ya ba shi tuƙi. Iyaye suka yi ta sa masa albarka, suna zuba 'ya'yansu a ciki da kwanciyar hankali. Shi ne kuma ya tara matasa da fitilu suka shiga daji neman yaran, yana gaba yana kabbara.

Rabi'atu ta fara magana ƙasa-ƙasa, tana kallon tabarma.

"Nadiya ta gan su. Da yamma ne, an tashi Islamiyya. Ta ga Salma ita kaɗai cikin bas ɗin, Alhaji na ciki, sun ɗauki hanyar gulbi. Da anka fara cigiya sai ta zo wurina tana kuka, ta ce za ta faɗa ma alƙali."

"Wurinki ta je."

"To wurin wa za ta? Ke kina kallon idonta ne, balle ta kawo maki magana?"

Wannan ta shiga. Hindu ta ji ta har cikin ƙashi, don gaskiya ce. Ita ta riƙa tura yarinyar gidan Yaya tun tana ƙarama, ita ta riƙa cewa "je ki faɗa ma Innarki" duk lokacin da ta zo da damuwa. Kara take yi, yadda aka yi mata. Ashe da hannunta ta share wa ɗiyarta hanyar zuwa bakin kura.

"Wa ke tuƙi ranar?"

"Alhaji ya karɓi makulli da kansa."

Hindu ta sauke wata ajiyar zuciya. Ko ba komai, babu hannun Malam a ciki, akwai saura mutum ɗaya a duniya da za ta dogara da shi.

"Ni ceton ta na yi," Rabi'atu ta ci gaba, muryarta ta fara dawowa. "Ki tsaya ki yi tunani. Yarinya ƙarama ta tsaya gaban alƙali ta ambaci mutum kamar Alhaji, ba ta da shaida ko ɗaya. Ƙazafi za a ce ta yi, a kwantar da ita a bainar jama'a a zane ta. Wannan ma in ta kai gaban alƙalin ke nan. Kin san abin da Alhaji ya so yi da ita daren da ya ji? Ni na durƙusa na riƙe ƙafarsa. Ni na ce a ɓoye ta, ni na ce in gawa ta taso a ce ita ce, kowa ya huta da nema. Da ban yi haka ba, da gawa biyu anka tsamo."

"Sai in gode maki ke nan."

"Ban ce ki gode ba."

"Rubutun fa? Mi kika zuba man a ciki?"

"Abin barci ne kawai. Don ki samu sauƙi."

"Don in daina tambaya."



Hindu ta matso, ta sake kallon kitson. Wata tambaya ta taso mata. Ta san ɗiyarta. Yarinyar da ke haura katanga ta tsinko mangwaro ba tsohuwa ɗaya ce za ta tsare ta damina guda ba. Daga gonar nan zuwa titin Zurmi ba wata tafiya ba ce.

"Mi ya hana ta gudowa?"

"Hindu…"

"Ɗaure ta kunka yi?"

"Wallahi ko igiya ba ta taɓa jikinta ba."

"To mi kunka ce mata, da ta zauna lafiya lau har tana yi maki kitso?"

Rabi'atu ta rufe fuska da tafukanta. Maganar ta fito ta tsakanin yatsu.

"Mun ce kin rasu."

Hindu ba ta motsa ba.

"Mun ce da kinka ji abin da take shirin yi, zuciyarki ta buga, kinka faɗi. Mun ce duk Kaura an san ita ta kashe uwarta, in ta dawo jifan ta za a yi. Tun daga ranar ba ta ƙara tambayar hanya ba."

"Ta yarda?"

"Ta yi kuka har ta suma. Yanzu kullum cikin yi maki addu'a take. Kitson ga ma ba ni na ce ta yi ba. Ita ta roƙe ni. Ta ce gashina irin naki ne, in ta kama sai ta ji kamar kanki ta riƙe. Tana yi hawayenta na ɗiga a wuyana."

Ai kuwa sai Hindu ta yi dariya. Wata irin dariya marar daɗi, wadda ta sa Rabi'atu ja da baya da gindi.

"Nono ɗaya munka sha, Yaya. Ranar da Innarmu za ta cika, hannuna ta sa a naki. Kin binne ɗiyata a gabana, kin binne ni a gabanta, kina zuwa nan ki share man hawaye, ki hau mota ki je can ki share mata. Ba ki taɓa ruɗewa ba? Ba ki taɓa mance wadda ta mutu a cikinmu ba?"

"Ki yafe man."

"Tashi ki kai ni."

"Ba ya yiwuwa. Alhaji ya sa ido. In ya ji kin sani, ni da ke da ita duk…" Ta haɗiye sauran. "Kuma ma ranar Alhamis za a ɗauke ta. Ya ce masu yankan gero sun fara yawa a gonar, za a gan ta. Ranar kasuwar Shinkafi za a saje da 'yan kasuwa a ƙetare da ita Nijar."

"Wurin wa?"

"Bai faɗa man ba."

"Kin tambaya?"

Rabi'atu ta kau da kai.

Yau Talata. Hindu ta miƙe tsaye. Wanda ya jefa Salma a gulbi shi ne zai ɗauki Nadiya a mota zuwa inda ko matarsa ba ta sani ba. Ba ta bukatar a fassara mata.

"Malam na dawowa yanzu," ta ce. "Bas ɗin na hannunsa. Ko magariba ba za mu jira ba. Shi ya sa ta a kabari da hannunsa, mutumin nan, ya dawo ya kwana uku bai ci abinci ba. Yau za ki maimaita masa abin da kinka faɗa man, kalma bayan kalma, kina kallon idonsa."

"Ba ni ɗankwalina, Hindu. Don girman Allah."

"Sai na nuna masa kan nan. Ya san hannun ɗiyarsa."

"Ki ba ni, na ce. Ba ki gane ba."

Rabi'atu ta yi wuf za ta fizga, Hindu ta goce. Daidai nan suka ji ƙugin bas a ƙofar gida, aka kashe inji, aka buga ƙofar mota.

"Salamu alaikum."

Malam Dalhatu ya shigo da ledar lemu a hannu, makulli na lilo a yatsansa. Hindu ta ruga ta tare shi tun bai ƙarasa fitowa daga zaure ba. Abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, ta kama gaban rigarsa da hannu biyu.

"Malam, tana da rai. Nadiya na da rai. Ba ita kunka binne ba, Salma ce. Tana gonar Alhaji bayan Zurmi, jibi za su fitar da ita ƙasar. Dubi kan Yaya, dubi ƙeyar, hannunta ne. Tada mota mu tafi, don Allah, tada mota."

Ta tsaya tana haki, tana jiran ledar ta faɗi daga hannunsa, tana jiran salati.

Ledar ba ta faɗi ba.

Ya sunkuya ya ajiye ta a kan turmi a hankali, don kada lemun ya gangare. Ya zare hannuwanta daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya. Ya koma zaure, ta ji ƙarar sakata, ya dawo yana zura makullin mota a aljihu.

Ko kallonta bai yi ba. Ta saman kanta ya kalli Rabi'atu, da muryar mutumin da ya gaji da maimaita magana ɗaya.

"Yaya, ba tun a Zurmi na ce ki tsefe kan nan ba?"